Surar makunnin RNA a cikin bakteriya

Makunnin RNA, wanda masana ke kira ribosuwic, wani yanki ne na RNA mai ɗauke da saƙon ƙwayar gado. Yana kama ƙaramin sinadarin da bakteriya ke ƙerawa ko take buƙata, sannan ya kunna ko ya kashe aikin ƙwayar gadon da ke gabansa, ba tare da wani furotin ya sa hannu wajen gane sinadarin ba. An tabbatar da samuwarsa a shekarar 2002, daga ɗakin binciken Ronald Breaker a Jami'ar Yale da na Evgeny Nudler a Jami'ar New York. Zuwa yanzu an san nau'o'i fiye da 50.

Galibi yana farkon saƙon ne, kafin inda ake fara karanta furotin, kuma kashi biyu gare shi: kashin da ke kama sinadari, da kashin da ke zartar da hukunci. Na farkon shi aka fi sanin surarsa.

Matsalar da surar ke warwarewa

Furotin na da tubala iri 20 da yake gina wurin kamu da su. RNA huɗu kacal gare shi: adenin, guwanin, sitosin da yurasil, kuma ƙashin bayansa cike yake da cajin ƙasa, wato cajin lantarki na negatib. Duk da haka yana bambance sinadarai biyu da kaɗan ya raba su. Sirrin yana cikin naɗi. Zaren yakan komo kan kansa ya yi gaɓoɓi murɗaɗɗu, gaɓoɓin su jeru, sassan da ke nesa da juna su riƙe juna, sai a mahaɗarsu a sami aljihu daidai girman sinadarin.

Makunnin guwanin da na adenin

A 2004 aka fara ganin surar, ta hanyar daskarar da RNA ya zama kiristal a haska shi da hasken X. Ƙungiyar Robert Batey ta fitar da makunnin guwanin na bakteriyar Bacillus subtilis, ƙungiyar Dinshaw Patel kuma ta fitar da na guwanin da na adenin. Gaɓoɓi uku ne, P1 da P2 da P3, suka haɗu wuri ɗaya. Madaukan da ke kan P2 da P3 suna sarƙe juna a sama, sinadarin kuma yana can ƙasa a mahaɗar, an rufe shi kusan ruf. Rufewar nan ta nuna cewa aljihun ba a shirye yake yana jira ba. Sai sinadarin ya shiga ake maida murfi.

Abin da ya fi burgewa shi ne yadda zaɓin ya rataya a kan tubali ɗaya, na 74. In sitosin ne a wurin, guwanin ake kamawa. In yurasil ne, adenin. Sauran ginin kusan ɗaya ne. Sa'annan aljihun yana zaune ne daf da kan P1, gaɓar da wani ɓangarenta ke iya kwancewa ya haɗu da kashin zartarwa. Da zarar sinadari ya zauna, P1 ta kafu, hukunci ya tabbata. Ke nan kamun da zartar da hukuncin aiki ɗaya ne.

Kama caji da caji

Makunnin TPP, wato sinadarin da ake samu daga bitamin B1, ya fito a 2006 daga bakteriyar Escherichia coli da kuma tsiron Arabidopsis thaliana. Yana da hannaye biyu a tsaye, TPP ya miƙe tsakaninsu kamar gada. Hannu ɗaya ya riƙe zoben da ke kai, ɗayan ya riƙe wutsiyar fosfet. Wutsiyar cajin ƙasa gare ta, irin na RNA, ya kamata su ture juna, amma ƙwayoyin maganiziyom masu cajin sama, wato na fozitib, suna shiga tsakani su ɗaure su. Wannan makunni ya wuce bakteriya, domin ana samunsa a tsirrai da fungai, inda yake sarrafa yadda ake yanka saƙon RNA a haɗa.

Dabarar ta kai maƙura a makunnin fuloraid, wanda aka ga surarsa a 2012: ƙwayoyin maganiziyom uku ne suka kewaye fuloraid ɗaya, wanda shi ma cajin ƙasa gare shi.

Sinadarin SAM kuwa, mai ɗauke da sulfa, wanda bakteriya ke ɗaukar wani ɗan gutsirensa ta liƙa wa wasu sinadarai, ya nuna wani abu dabam. Makunnan SAM-I da SAM-II da SAM-III naɗinsu bai yi kama ba ko kusa, amma dukkansu suna amfani da ƙwayar oksijin ɗin yurasil wajen jin cajin saman da ke kan sulfa. Da haka suke ƙin SAH, ragowar SAM bayan an ɗauke gutsiren, wadda ba ta da wannan caji.

Sauran nau'o'i

Makunnin laisin, ɗaya daga tubalan furotin, mahaɗar gaɓoɓi biyar ne. Na preQ1, wani sinadari mai kama da guwanin, ƙarami ne ƙwarai, tubala 34 sun isa. Na ƙwayar gadon da ake kira glmS ya fita daban: surarsa ba ta canzawa sosai in ya kama sinadarinsa, sinadarin ne ke taimaka masa ya yanke kansa, saƙon ya lalace.

Hoton kiristal yana nuna tsayuwa ne, alhali a cikin bakteriya naɗin yana faruwa tun ana cikin rubuta saƙon. Shi ya sa ake haɗawa da na'urar NMR mai aiki da maganaɗisu da bin ƙwayar RNA ɗaya ɗaya don ganin motsin.

Neman magani

Surar makunnin FMN, sinadarin da ake samu daga bitamin B2, da aka fitar a 2009 daga bakteriyar Fusobacterium nucleatum, ta nuna yadda rosiyofilabin, gubar da wata bakteriyar Streptomyces ke fitarwa, yake zama a aljihun FMN ya ruɗi makunnin ya kashe ƙera bitamin B2. A 2015 masu bincike na kamfanin Merck suka sanar da ribosil, sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji, wanda siffarsa ba ta kama da FMN amma yake shiga aljihun. Bakteriyar da ta jure masa an tarar sauyin yana cikin makunnin kansa.