Zaɓen bijimi don sauƙin haihuwa

Zaɓen bijimi don sauƙin haihuwa shi ne tantance bijimin da zai yi barbara a garke domin shanu, musamman karsana mai cikin fari, su haihu ba tare da an ja maraƙi ba. Babban dalilin wahalar naƙuda shi ne maraƙi ya fi ƙarfin ƙugun uwarsa, nauyin maraƙi kuma ana gadonsa daga uba da uwa.

Tarihi a Kaduna

Bunaji, farar saniyar Fulani, ita ce ta fi yawa a garkunan jihar Kaduna, daga Zariya har zuwa Ladduga ta ƙasar Kachia. Maraƙinta kan zo da nauyin kilo 20 zuwa 25, kuma a kiwon gargajiya karsana ba ta cika haihuwa ba sai ta kai shekara huɗu ko biyar, lokacin ƙugunta ya gama buɗewa. Shi ya sa makiyaya suka fi duban tsayi, launi da nonon uwar bijimi. Matsalar ta fi fitowa ne da haɗa iri. Gonar Shika kusa da Zariya, wadda aka kafa wajen 1928 kuma ta koma cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa (NAPRI) a 1976, ta daɗe tana haɗa Bunaji da Firishiyan, irin shanun madara na Turai, wanda tsantsar maraƙinsa kan kai kilo 40. Ƙaramar karsana da aka yi wa allurar maniyyin irin wannan sa, ko aka haɗa ta da ƙaton Bokoloji, irin shanun ƙasar Sakkwato, ita ce ke shiga haɗari.

Abin da ake dubawa

A Amurka ana sayar da bijimi da alkaluman sauƙin haihuwar 'ya'yansa. A kasuwar Anchau ko zangon Tudun Wada babu wannan takarda, sai tambaya: nawa ne cikin shanun da ya hau aka taimaka wa wajen haihuwa? Bijimin da aka riga aka ga 'ya'yansa ya fi wanda kyan jiki kawai ake gani. Ana guje wa mai faɗin goshi, kaurin ƙashi da buɗaɗɗiyar kafaɗa, ko da yake ido kan yaudari mai saye. Likitan dabbobi ya duba marainansa, ya kuma gwada jininsa saboda bakkale, cutar da ke sa ɓari. Baligin sa ɗaya ya ishi shanu 25 zuwa 30.

Karsana kuwa kada a sake ta ga bijimi sai ta kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin babbar saniya. Wasu na rage mata abinci a ƙarshen ciki don maraƙi ya ƙanƙance; hakan na raunana uwa ne, ta kasa yunƙuri.

Lokacin naƙuda

Ciki na ɗaukar kwana 280 zuwa 290. Maraƙi kan fito da ƙafafun gaba biyu, hanci a kansu. Idan faya ta fashe aka yi awa biyu ba ci gaba, a kira likita, kada a ja da ƙarfin da ya wuce na mutum biyu.