Burkutu a Karkarar Kano da Jigawa

Burkutu nau'in giya ne na gargajiya da ake dafawa da tsiron dawa, wani lokaci a haɗa da gero ko masara. Yana da kauri da tsami, launinsa ja ne mai duhu ko ruwan ƙasa, kuma ƙarfin barasar da ke cikinsa yakan kama daga kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Ba ya jure ajiya: daga ranar da ya nuna, kwana biyu ko uku yake yi ya lalace. Ɗan'uwansa shi ne fito, wanda ake tacewa sosai har ya fi shi tsinkewa. A ƙasar Kano da Jigawa dafa shi sana'ar mata ce, kuma an fi saninsa a ƙauyukan Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, da kuma maƙwabtansu irin su Warjawa. Musulunci ya haramta shan sa, kuma jihohin biyu sun hana cinikinsa tun da suka ƙaddamar da shari'a a 2000.

Tarihi

Tsohon tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda ake kyautata zaton an haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, ya lissafa manyan mutanen da ke zaune a gindin Dala a zamanin Barbushe, kowa da aikinsa. Gijigiji ne maƙeri, Hanburki ne mai magani, Bugazau kuwa shi ne mai dafa giya. Ke nan a tunanin marubucin, mai giya yana sahu ɗaya da maƙeri da boka a tsarin garin tun kafin zuwan Bagauda, wanda ake sanya farkon sarautarsa wajen shekarar 999. Abin lura a nan shi ne sunan namiji aka ambata, alhali a zamanin da aka fara rubuta rayuwar Maguzawa dalla-dalla aikin yana hannun mata.

Musulunci ya shiga fadar Kano a zamanin Sarki Yaji, wajen 1349 zuwa 1385, ta hannun Wangarawa, ya kuma kafu sosai a zamanin Muhammadu Rumfa (wajen 1463 zuwa 1499), lokacin da Shehu Maghili ya zauna a birnin. Amma abin da ya sauya a fada da cikin ganuwa bai isa kowane ƙauye ba. Manoman karkara da yawa sun ci gaba da bautar iskoki, giya kuwa tana cikin wannan rayuwa ta kowane ɓangare. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, da faɗuwar Kano a hannun masu jihadi wajen 1807, sarakunan Fulani sun karɓi jizya daga Maguzawa suka bar su da al'adunsu, ƙarƙashin shugabanninsu masu laƙabin Sarkin Arna ko Sarkin Noma. Wannan tsari ne ya sa tukunyar giya ta ci gaba da tafasa a nesa kaɗan da garuruwan da ake yi wa mashayi bulala.

A gidan Bamaguje giya ba ta shaƙatawa kaɗai ba ce. Da ita ake biyan gayya: mai gona ya kira samari su yi masa noma ko girbi, matansa kuma su kwana dafa abin da za a sha a bakin gona. Da ita ake karɓar dangi a wajen aure da zaman makoki, ana kuma zuba wa wasu iskoki ita a wajen yanka. Har a bori akwai rukunin iskokin da ake kira Arna, waɗanda aka san su da shan giya. Ta fuskar tattalin arziki ma, ita ce hanyar da mace ke juya dawar gayaunarta ta zama kuɗin hannunta. Masanin Amurka Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, yana cikin na farko da suka rubuta addininsu da tsarin gidajensu.

Zuwan Turawa ya kawo sauyi ta inda ba a zata ba. Yarjejeniyar Birasels ta 1890 ta hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Arewacin Nijeriya ya faɗa cikin wannan hani. Bayan da Ingila ta ci Kano a Fabrairun 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913, sai aka samu sojoji da leburori da ma'aikata baƙi masu albashi, ga kuma barasar waje ta yi wuyar samu. Burkutu ya cike gurbin. Daga abin biki da gayya ya zama hajar kullum a bariki da tashoshin jirgi da gefen kasuwannin ƙauye.

Raguwarsa a karkara ta riga dokar jiha da shekaru masu yawa. Yaƙin musuluntarwa da Sardauna Ahmadu Bello ya jagoranta a farkon shekarun 1960 ya shigar da ƙauyuka da dama Musulunci. Waɗanda suka shiga Kiristanci ta hannun ƙungiyar mishan ta SIM, da cocin ECWA da ta fito daga cikinta a 1954, su ma sun tarar da koyarwar da ta hana giya. Duk ta inda Bamaguje ya fita daga addinin kakanninsa, sai ya bar tukunyar a baya, ko aƙalla ya daina dafa ta a fili.

Yadda ake dafa shi

Aikin yakan ci mako guda ko fiye. Ana jiƙa dawa ta kwana, a tsame ta a baza a inuwa, a rufe da buhu ko ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma har kwana uku zuwa biyar, sai ta tsira. Tsirowar ce ke farkar da sinadaran da ke juya sitacin ƙwayar ya zama sukari. Daga nan a shanya a rana, a murje saiwar da ɗan tohon, a niƙa. Murjewar tana da dalili: ɗanyen tohon dawa yana ɗauke da guba, irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa da ke kashe dabba, tafasawar da ke biyo baya kuma tana ƙara rage ta.

Ana dama garin da ruwa a randa a bar shi ya kwanta. Sai a kwashe ruwan sama, wanda ke ɗauke da waɗancan sinadarai, a ajiye gefe, a dafa ƙullun ƙasa shi kaɗai, idan ya ɗan huce a mayar masa da ruwan. Wannan dabara ita ce ƙashin bayan aikin. Sitacin dawa ba ya narkewa sai da zafi mai yawa, wanda ya fi na sha'ir, zafin kuma yana kashe sinadaran da tsiron ya samar. Raba su da ake yi shi ne ke sa kowanne ya yi aikinsa. Masu dafawa sun gano haka da gwaji tun kafin a san bayaninsa a ɗakin bincike.

Haɗin yakan kwana ya yi tsami, irin ƙwayoyin halittar da ke tsamar da nono ne ke wannan aiki. Washegari a tace, a mayar kan murhu a tafasa na sa'o'i, ana juyawa kada ya kama ƙasa. Idan ya huce sai a zuba ragowar gindin tukunyar da ta gabata, wadda ke ɗauke da yis, a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya tashi. Tsohuwar tukunyar ƙasa tana riƙe yis a jikinta, shi ya sa mai dafawa ba ta son canza ta. Itace ne babban abin da ke cin kuɗi. Dusar da ta rage kuwa ta dabbobi ce.

Ɗanɗano da tantancewa

Babu rubutaccen ma'auni na burkutu, babu gasa, babu alƙalai. Tantancewar a bakin tukunya ake yin ta, kuma al'adar da aka sani a gidajen burkutu ita ce mai saye ba ya biya sai ya ɗanɗana. Yakan ce, "Inna, a ɗanɗana mini," ita kuma ta juya tukunyar da ludayi don gindin ya taso, ta ɗebo kaɗan a ƙaramin ƙoƙo ta miƙa masa kyauta. A ranar kasuwa, inda mata da yawa suka jera tukwane, mutum yakan zaga ya ɗanɗana na wannan da na waccan kafin ya zauna.

Ido da kunne ne ke fara hukunci. Burkutun da ke kan ganiyarsa yana aiki ne har lokacin da ake shan sa: ƙananan kumfa na tasowa, kuma wanda ya kara kunne a bakin tukunya zai ji tana ɗan ƙara. Wanda ya yi shiru ya kwanta, ruwa a sama gari a ƙasa, ya wuce lokacinsa. Launi yana nuna irin dawar da tsawon dahuwa. Jar dawa tana ba da ja mai duhu da ɗan bauri, farafara da kaura suna ba da mai haske da sauƙi a harshe. Kaurin da ake so bai wuce na koko mai ruwa-ruwa ba, ya ɗan rufe cikin ƙoƙon idan an karkata shi. Idan ya tsinke, ana zargin an ƙara ruwa don tukunya ta auku.

Sai hanci. Ɗan ƙamshin hayaƙi ba aibi ba ne, wasu ma suna son sa, amma ƙauri aibi ne babba, domin yana nuna an bar ƙullun ya kama gindin tukunya, kuma ba ya ɓoyuwa. Warin rima ko fumfuna ya fi shi muni: alama ce cewa dawar ta lalace a rumbu ko a wajen tsirowa, kuma irin wannan hatsi yana iya ɗaukar gubar da tafasawa ba ta kashewa. Yauƙi ma alamar lalacewa ce.

A harshe, abin da ake aunawa shi ne yadda zaƙi da tsami suka daidaita, kuma a nan ne lokaci ke shiga. Tukunya ɗaya tana ba da ɗanɗano iri-iri a yini guda. Da safe zaƙi ya rinjaya, ƙarfi kaɗan, domin yis bai gama cinye sukarin ba. Zuwa la'asar zaƙin ya ja baya, ƙarfin ya hau. Kwanan burkutu ya fi bugarwa, ya fi tsami, akwai kuma masu neman sa musamman. Bayan haka iska ta shiga, wasu ƙwayoyin su juya barasar ta zama ruwan tsami mai kartar maƙogwaro. Saboda haka gwanintar mai dafawa ba ta tsaya ga haɗi ba: sai ta lissafa kwanakinta yadda tukunyar za ta nuna daidai ranar kasuwa ko ranar gayya. Yanayi na rikita wannan lissafi, domin da bazara aikin na gudu, a hunturu kuma ya yi nawa. Sakamakon hukuncin mashaya a bayyane yake, wadda tukunyarta ta riga ƙarewa ita ce gwanar ranar.

Masu tantance giyar ƙananan masana'antu a ƙasashen waje suna duba kusan waɗannan abubuwa, sai dai da maki. Tsarin BJCP, shirin tantance alƙalan giya da aka kafa a Amurka a 1985, yana raba maki 50: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take a baki 5, sai 10 na ra'ayin alƙali gaba ɗaya. Tsarin an gina shi ne kan giyar kwalba da ke tsayawa a hali ɗaya, don haka bai dace sosai da abin sha da ke sauyawa daga hantsi zuwa la'asar ba.

Dawa da masana'antu

A 1988 gwamnatin tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir, abin da ya tilasta wa manyan kamfanonin giya da na lemon malta komawa ga dawa. Tun daga nan wani kaso na dawar da ake nomawa a Arewa yana tafiya masana'antu. Ƙananan masana'antun giya irin na zamani kuwa, kamar Bature da aka fara a Abuja a 2017, suna can inda doka ta yarda da su.

Doka

Haramcin giya yana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma haddin mashayi a mazhabar Malikiyya bulala 80 ne. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Hisbah a 2003. A Nuwamban 2013 hukumar ta fasa kwalaben giya kimanin 240,000 a bainar jama'a, ta kuma zubar da burkutu fiye da lita 8,000. Inda har yanzu ake dafawar, a ɓoye ake yin ta, a ƙauyuka na nesa da wuraren da waɗanda ba Musulmi ba suke da yawa. Ana taƙaddama kan ko hanin ya kamata ya hau kan wanda ba Musulmi ba, da kuma kan kason da jihohin ke karɓa daga harajin kayayyaki na tarayya wanda kuɗin giya ke ciki.