Waiwaye: Yadda Kabon Ya Shiga Aikin Sanyaya Na'urorin Lantarki

Cif ɗin Intel 4004, wato ƙwaƙwalwar na'ura, da ya fito a 1971 turansista (ƙananan makunnan lantarki) 2,300 kacal yake ɗauke da su, alhali na yau biliyoyi ne cunkushe a filin da bai wuce farcen babban yatsa ba, kuma kowace na fitar da nata zafin. Shekaru da dama jan ƙarfe da alminiyam ne suka riƙe aikin kwashe wannan zafi. Jan ƙarfe na tafiyar da zafi da kimanin wat 400 a kowace mita bisa digiri guda, sai dai yana da nauyi, kuma idan ya ji zafi yana buɗewa fiye da silikon, abin da ake yin cif da shi, wajen ninki shida, abin da ke sa wurin haɗinsu ya riƙa tsagewa a hankali.

Wannan ne ya karkatar da hankalin masana ga kabon. Tun a 1970 Leonard Singer na kamfanin Union Carbide ya gano hanyar sarrafa zaren kabon daga kwalta, zaren da daga baya aka samu nau'insa da ya zarce jan ƙarfe ninki biyu wajen tafiyar da zafi. A 1991 Sumio Iijima na Japan ya bayyana ƙananan bututun kabon, sannan a 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓamɓaro girafin, shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, daga girafayit, wato abin da ke bakin fensir, da salatif kawai a Jami'ar Mancesta. Awon da Alexander Balandin ya yi a Kalifoniya a 2008 ya nuna girafin ya haura wat 3,000 a kowace mita bisa digiri guda wajen tafiyar da zafi.

Amma alƙaluman ɗakin gwaji ba su cika bin kabon zuwa cikin na'ura ba, kuma a ganina nan ne ainihin tarihin yake. Girafayit na gudu da zafi a shimfiɗe, yana kuma tare shi a tsaye, domin shimfiɗunsa jere suke kamar takardun littafi. Idan aka gauraya garinsa da roba ko ƙarfe, zafin kan yi tuntuɓe a duk iyakar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Shi ya sa masu ƙera wayoyi suka fi amfana da siririn fallen girafayit da ake mannawa bayan allo, wanda ke baza zafin cif zuwa gefe maimakon ya taru wuri guda a tafin hannu. Bincike yanzu ya koma kan jera ƙwayoyin kabon a tsaye da gyara wuraren haɗinsu.