Me ya sa zargin maƙarƙashiya ke samun karɓuwa bayan kowace masifa?

Duk ma'aikacin lafiya da ya taɓa yin aiki a lokacin annoba ya san cewa kafin a gama ƙidayar waɗanda suka kamu, labari ya riga ya bazu cewa wasu ne suka ƙirƙiro cutar domin su rage yawan jama'a ko su sayar da magani. Haka abin yake idan jirgin sama ya faɗi, ko aka kashe wani shugaba, ko zaɓe ya zo da sakamakon da ba a zata ba: nan da nan sai ka ji ana cewa akwai lauje cikin naɗi. A cikin masu faɗin haka akwai malamai da injiniyoyi, har da likitoci, saboda haka wanda ya jingina lamarin ga jahilci kaɗai bai fahimce shi ba, kuma ba zai iya magance shi ba.

Matsalar ta girmi wayar hannu da ɗaruruwan shekaru. Lokacin da annobar da ake kira Baƙar Mutuwa ta afka wa Turai a 1348, an zargi Yahudawa da zuba guba a rijiyoyi, kuma a watan Fabrairun 1349 aka ƙona ɗaruruwansu a birnin Strasbourg, duk da cewa Fafaroma Clement na Shida ya riga ya jawo hankalin jama'a cewa su ma cutar tana kashe su kamar kowa. A 1831 kuma, mutanen St. Petersburg a Rasha suka far wa asibitin masu kwalara bisa zargin cewa likitoci ne ke ba marasa lafiya guba.

Tushen abin shi ne zuciyar ɗan Adam ba ta jure zama babu bayani, musamman a lokacin tsoro. Idan aka ce wa mutum wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani ce ta hallaka dubbai, ko kuskuren ma'aikaci ɗaya ne ya jawo haɗari, an bar shi a cikin duniyar da masifa za ta iya sauka a kan kowa ba tare da sanarwa ba. Idan kuwa aka ce masa wasu mugaye ne suka shirya, an ba shi wanda zai zarga, wanda zai guje wa, da kuma fatan cewa in aka kawar da su za a zauna lafiya. A wani bincike da Jennifer Whitson da Adam Galinsky suka wallafa a 2008, an ga cewa mutanen da aka sa suka ji al'amura sun kuɓuce daga hannunsu sun fi saurin ganin siffofi a cikin hotunan da ɗige-ɗige ne kawai, sun kuma fi saurin zargin ƙulli a cikin abubuwan da ba su da alaƙa da juna.

Akwai kuma ɗabi'ar neman babban dalili ga babban al'amari. An harbe Shugaba John Kennedy na Amurka a Dallas ranar 22 ga Nuwamba, 1963, kwamitin binciken da gwamnati ta kafa, wato kwamitin Warren, kuma ya bayyana a 1964 cewa Lee Harvey Oswald shi kaɗai ya aikata, amma shekara da shekaru ƙuri'un jin ra'ayi suna nuna yawancin Amurkawa ba su gamsu ba. Shi kuwa Ronald Reagan, wanda wani mutum ɗaya ya harba a 1981, da yake ya rayu, ba a ji wani dogon zance ba. Bindiga ce a nan, bindiga ce a can; girman rashin ne ya bambanta, shi ne kuma ya sa hankali ya ƙi yarda cewa mutum ɗaya marar wani matsayi zai iya juya tarihin ƙasa.

Sau da yawa ma ba labarin kansa ne aka riƙa ba. Masu bincike a Jami'ar Kent ta Ingila sun gano a 2012 cewa waɗanda suka fi yarda an kashe Gimbiya Diana da gangan su ne kuma suka fi yarda cewa tana raye, mutuwar ƙarya ta yi. Maganganun biyu ba za su taɓa haɗuwa ba, amma abu ɗaya ne ke ƙarƙashinsu, wato imanin cewa hukuma tana ɓoye wani abu.

A nan ne ya kamata mu ma'aikatan lafiya mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba, domin wannan rashin yarda yana da asali. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bibiyi baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere a garin Tuskegee na jihar Alabama ba tare da yi musu magani ba, har bayan da aka tabbatar penisilin yana warkar da ciwon. A 2011 kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin ciwon hanta a Abbottabad ta Pakistan wajen farautar Osama bin Laden, abin da ya ƙara wa masu adawa da rigakafi ƙarfi a ƙasar da daga baya aka riƙa kashe masu ɗiga maganin shan inna. Uwar da ta ji waɗannan ta yi ɗari-ɗari da allura tana da hujjar tambaya. Sai dai a lura da yadda asirin Tuskegee ya tonu: wani tsohon ma'aikacin hukumar lafiyar, Peter Buxtun, shi ya kai wa 'yan jarida bayani, aka samu takardu da sunaye, majalisa ta yi zama, aka biya diyya, daga baya Shugaba Clinton ya nemi gafara a 1997. Maƙarƙashiya ta gaske tana barin sawun da za a bi. Ta ƙarya kuwa, in aka nemi shaida aka rasa, sai a ce rashin shaidar ma alama ce ta ƙwarewar masu ɓoyewa, ta yadda babu abin da za a kawo ya rushe ta.

Kada kuma a manta da masu cin riba. Labarin cewa Amurka ce ta ƙera ƙwayar cutar ƙanjamau a ɗakin gwaji, hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ce ta dasa shi a wata jaridar Indiya a 1983, har yau kuma yana yawo. Ɗan siyasar da ya sha kaye yana samun sauƙi idan magoya bayansa suka yarda wasu ɓoyayyun hannaye ne suka kayar da shi. Kafofin sada zumunta sun ƙara wa abin gudu: binciken jami'ar MIT na 2018 a kan Twitter ya nuna labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake yaɗawa da kashi 70 cikin 100, kuma mutane ne ke yaɗa shi fiye da manhajojin kwamfuta masu tura saƙo da kansu.

Illar takan kai ga rai. A watan Satumbar 2014, an kashe mutum takwas daga cikin wata tawagar wayar da kai kan cutar Ebola a ƙauyen Womey na ƙasar Gini, saboda an yarda cewa su ne ke kawo cutar.

Saboda haka, idan irin wannan labari ya iso gare ka, ka fara tambayar wane ne ya fara faɗarsa, me zai samu idan aka yarda, kuma mutum nawa ne za su kame bakinsu shekara da shekaru kafin labarin ya zama gaskiya. Ka tambayi kanka wace shaida ce za ta sa ka sauya ra'ayi, domin idan babu ko ɗaya, to ba bincike kake yi ba. Idan kuwa ɗan'uwanka ne ya yarda da shi, kada ka yi masa dariya ko ka kunyata shi a gaban mutane, domin hakan ƙara masa riƙo yake yi. Ka saurari abin da yake tsoro, ka amince da ɓangaren da yake gaskiya, sannan ku bi sauran tare ɗaya bayan ɗaya. Hukumomi ma suna da nasu nauyin, domin a ranakun farko na kowace masifa, lokacin da jama'a suka fi ƙishirwar bayani, ya wajaba su fito su faɗi abin da aka tabbatar, da abin da ake kan bincikawa, da ranar da za su dawo da ƙarin bayani, su kuma cika alkawarin ranar.