Rufaffiyar tirelar ɗaukar tsohuwar mota

Rufaffiyar tirelar ɗaukar mota ɗaki ne mai tayoyi, marar injin, da ake maƙalawa a bayan a-kori-kura ko babbar jif, a shigar da mota guda ciki a ja ta. Tana da bango huɗu da rufi, ƙofarta ta baya kuma idan an kwantar da ita sai ta zama gadar da mota za ta taka ta hau. Idan Bahaushe ya ce tirela, yawanci yana nufin zungureriyar motar nan mai ɗaukar siminti ko shanu. Wadda ake magana a kanta a nan ƙanwarta ce, kuma an fi saninta a Amurka, Kanada, Birtaniya da Jamus, inda masu tara tsofaffin motoci suke kai su wuraren baje koli, gwanjo da tsere ba tare da tayarsu ta taɓa kwalta ba.

Motar da ake nufi

Babu ma'auni ɗaya na shekarun da mota za ta kai a kira ta tsohuwa. Ƙungiyar FIVA, wadda ta haɗa kulob-kulob na masu tsofaffin motoci a duniya, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30. Kulob ɗin AACA na Amurka, wanda aka kafa a 1935, ya tsaya a kan 25. A Birtaniya sai mota ta cika shekara 40 ake yafe mata harajin hanya.

Tarihi

Matsalar ɗaukar mota a kan wata motar ta taso tun ana fara sayar da motoci. Ana danganta tirelar farko ta wannan aiki ga Alexander Winton, mai ƙera motoci a birnin Cleveland, wajen 1898 ko 1899. Masu sayen motocinsa suna nesa, shi kuma ba ya son ya tuƙa musu sabuwar mota ɗaruruwan mil a kan turbar laka ta isa a jigace, sai ya haɗa wani amalanke da ake ɗora gabansa a bayan wata motar. Mota ɗaya tak yake ɗauka, kuma a buɗe yake.

A 1914 wani maƙeri a Detroit, August Fruehauf, ya ƙera wa wani attajirin katako mai suna Frederic Sibley tirelar da zai ja jirgin ruwansa da ita a bayan Ford Model T. Abin ya yi aiki, Sibley ya dawo ya ce a yi masa wasu na jigilar katako, kuma a 1918 aka kafa kamfanin Fruehauf, wanda ya daɗe yana jan ragamar sana'ar a Amurka.

Amma waɗanda suka mayar da ɗaukar mota abin ado su ne 'yan tsere na Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ferrari da Maserati sun yi amfani da manyan motocin Fiat da kamfanin Bartoletti ya yi wa bodi mai hawa biyu. Mercedes-Benz ta ƙera tata a 1954, shuɗiya, da injin motar 300 SL, tana iya gudun kilomita 170 a awa ɗauke da motar tsere a gadon bayanta, don a garzaya da motar da ta samu matsala masana'anta a gyara a dawo da ita kafin ranar gasa. An farfasa ta a 1967, daga baya kamfanin ya yi nadama ya sake ƙera kwafinta ta hanyar duba tsofaffin hotuna. Ƙungiyar Ecurie Ecosse ta Sukotlan, wadda ta lashe tseren Le Mans na Faransa a 1956 da 1957, ta samu tata a wajen 1960, ƙirar Commer, mai ɗaukar motoci uku. A Disamba 2013 aka yi gwanjonta a Landan kan kusan fam miliyan 1.8, wato abin da aka yi don ya ɗauki kaya shi kansa ya zama kayan tarihi. Galibin waɗannan ba rufaffu ba ne, motocin suna sama kowa yana kallo, domin talla ce.

Rufewar ta zo ne daga wani ɓangare. A jihar Indiana, musamman garin Elkhart da kewayensa, masana'antun da ke ƙera ɗakunan kwana masu tayoyi sun faɗaɗa aikinsu zuwa ƙananan tirelolin kaya. Kamfanin Wells Cargo ya fara a can a 1954. Featherlite, wanda ya fara a 1973 da tirelolin dabbobi na alminiyam, daga baya ya shahara da manyan tirelolin 'yan tseren NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka. A Birtaniya akwai kamfanonin Ifor Williams, da aka kafa a arewacin Wales a 1958, da Brian James. A daidai wannan zamanin ne kuma tsohuwar mota ta tashi daga tarkace ta koma dukiya. Gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Kalifoniya, da aka fara a 1950, tana sa alƙalai su leƙa har ƙarƙashin mota suna neman ɗigon mai ko ƙwarzane. Wanda ya kashe shekara uku yana gyaran fenti ba zai yarda tsakuwar hanya ta ɓata masa shi ba. Daga nan Amurkawa suka samo laƙabin "sarauniyar tirela", abin da suke kiran motar da ba a taɓa tuƙa ta sai daga ƙofar tirela zuwa ciyawar filin gasa. Yawanci zolaya ce, ba yabo ba.

Ƙira da girma

Ƙashin tirelar ƙarfe ne ko alminiyam. Na ƙarfe ya fi araha, kowane mai walda zai iya gyara shi, amma yana tsatsa, musamman a ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Na alminiyam ya fi sauƙin nauyi da tsada. Bangon falle ne siriri, daɓen kuma katako mai kauri ko alminiyam.

Faɗi doka ce ta yanke shi: inci 102 a Amurka, wato ƙafa takwas da rabi, mita 2.55 a Tarayyar Turai. Wannan awon waje ne. A ciki akwatunan da ke rufe tayoyi suna cin wuri, abin da ya rage tsakaninsu bai fi inci 80 da 'yan kai ba. Cadillac ta 1959 tsawonta inci 225 ne, faɗinta wajen inci 80. Za ta shiga, amma direba ba zai iya buɗe ƙofa ya fito ba, sai dai ya zuro ta taga yana gogar fentin da ake ƙoƙarin karewa. Maganin abin biyu ne: ƙaramar ƙofa a bangon gefe daidai saitin ƙofar direba, ko kuma injin jan waya da ake kafawa a gaba, ya jawo motar ciki babu kowa a kujera.

Tsawon da aka fi saye shi ne ƙafa 20 da 24. Motar Mini ta asali, mai mita uku da ɗan ɗori, ƙafa 16 ta ishe ta har da rara. Motocin da aka yi kafin 1930 kuma tsayi ne matsalarsu, don Model T idan an ɗaga rumfarta takan fi ƙarfin ƙofar tirelar da aka saba. Motocin tsere akasin haka: cikinsu dab yake da ƙasa, sai an sassauta gangaren gadar, ko an karkata ƙarshen daɓen, ko an ƙara katakai, in ba haka ba salansa ko haɓar motar ta daki ƙarfe.

Nauyi

Nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Kowace tirela tana da farantin da aka rubuta iyakar nauyinta, kuma wannan adadi ya haɗa da nauyin ita kanta. Tirela mai aksul (sandar da ke riƙe tayoyi) biyu, kowanne na laba 3,500, iyakarta laba 7,000 ce. Idan ta ƙarfe ce mai ƙafa 24, ita kaɗai takan cinye kusan rabin wannan. Abin da ya saura zai ɗauki Ford Mustang ta 1965, amma ba zai ɗauki waccan Cadillac ba, wadda ta haura laba 4,500, balle a ƙara jak, akwatin sifanu da safayar taya. Shi ya sa masu manyan motocin Amurka suke neman aksul na laba 5,200.

Yadda aka raba nauyin ma yana da nasa hukunci. A Amurka ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jimillar nauyin ya sauka a kan ƙugiyar motar da ke ja. Mutanen Turai suna barin ƙasa da haka, amma su ma ba sa gudu sosai da tirela. Idan nauyi ya koma baya, tirelar takan fara kaɗa wutsiya, tun tana yi a hankali har ta fi ƙarfin direba. Abin da ake koyarwa shi ne ya ɗage ƙafa daga totur, ya riƙe sitiyari a miƙe, ya matsa birkin tirelar kaɗai da hannu idan akwai. Saboda wannan ne ake shigar da motoci masu injin a baya, irin Volkswagen Beetle da Porsche 911, da baya-baya, domin injin ya zauna a gaban aksul.

Manyan tireloli ba a bamba ake maƙala su ba. Suna da dogon wuya mai lanƙwasa da ke sauka a kan wata ƙwallon ƙarfe a tsakiyar bodin a-kori-kura, saman tayoyin baya, kuma sun fi natsuwa a hanya.

Birki da doka

A Amurka birkin lantarki aka fi sani, akwai ɗan akwati kusa da direba da ke aika masa wuta. A Turai, duk tirelar da ta wuce kilo 750 dole ta kasance da birki, kuma har zuwa kilo 3,500 galibi na turi ne: idan motar gaba ta rage gudu, tirelar ta tunkuɗo ta, wannan tunkuɗar ce ke kama birkin. Duka biyun suna da wayar da ke kama birki idan tirelar ta kufce. Girman ƙwallon ƙugiya milimita 50 ne a Turai, inci 2 da 5/16 a manyan tirelolin Amurka, kuma ba sa shiga juna.

Iyakar gudu da tirela mil 60 ce a manyan hanyoyin Birtaniya, kilomita 80 a Jamus (ko 100 ga mai takardar izini ta musamman), mil 55 a Kalifoniya. Tun Disamba 2021 mai lasisin ƙaramar mota a Ingila, Wales da Sukotlan yana iya jan tirela har ta kilo 3,500 ba tare da sake jarrabawa ba.

Ɗaure mota

Ana ɗaure ta ta kusurwa huɗu da bel mai ƙarfi, a zobban ƙarfe da aka kafe a ƙashin tirelar, ba a katakon daɓe kawai ba. Adadin da ake dubawa a jikin bel shi ne nauyin aikinsa, wanda yake sulusin nauyin da zai tsinka shi. Bayan an ɗan taɓa tafiya ana tsayawa a sake ɗamewa, domin bel yana saki idan mota ta zauna.

An yi saɓani kan inda ya kamata a kama. Wasu na cewa a ɗaure taya ko aksul a bar sifirin motar ya yi aikinsa, wasu na cewa a danne ƙashin motar don kada ta yi ta tsalle. Haka ma ana jayayya kan gicciye bel ko miƙe shi, da kan ko tirela mai tsinin hanci tana rage shan mai. Ba a daidaita ba.

Ajiya

Da yawa suna sayen tirelar ne da niyyar ta zame musu gareji, ganin tana kare mota daga rana, ƙanƙara, kashin tsuntsu da idon mutane. Tana yin wannan, amma ba don zama aka gina ta ba. Fallen bangonta yana ɗaukar zafi da rana ya huce da dare, iskar da ke ciki sai ta yi zufa a rufi da jikin motar. Idan an ajiye ta a kan ciyawa ko ƙasa, laima tana ratsowa ta katakon daɓe. Motar da aka kulle a watan Nuwamba ana iya buɗe ta a Afrilu a tarar kujerun fata sun yi furfura, ƙarafan ado sun fara tabo, birki ya kama. Masu ajiya na dogon lokaci suna sa mata tagogin iska a rufi, su jera buhunan sinadarin da ke tsotse laima, ko su jawo wuta su kunna na'urar busar da iska, su kuma ajiye ta a kan siminti ko tsakuwa.

Ɓera yana shiga ta ramin da wayoyi suka bi, ya yi sheƙa a kujera ya ci wayar wuta. Fetur mai gaurayen etanol, irin E10 da ya zama na yau da kullum a Birtaniya a Satumba 2021, yana jan ruwa idan ya daɗe a tanki, yana kuma cin tsofaffin robobin kafireto. Ba a tayar da injin a bar shi yana aiki a cikin tirela, hayaƙin yana kisa.

Sata ita ce ɗaya matsalar. Gareji ba a jan sa, tirela kuwa minti kaɗan ya isa a maƙala ta a tafi da ita da abin da ke cikinta. Ana sa kwaɗo a ƙugiya, a ɗaure taya da maƙalar ƙarfe, a ɓoye na'urar bin sawu. Inshorar tirela ba lallai ta haɗa da motar da ke ciki ba.

Ita ma tirelar zama yana cin ta. Tayoyinta sukan tsufa su tsage tun zanensu bai goge ba, kuma shekarunsu suna rubuce a gefe: lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Boris ɗin ƙafafun yana son giris kafin kowace doguwar tafiya.

A Najeriya da Nijar

Abin da aka saba gani shi ne buɗaɗɗiyar tirela mai hawa biyu da ke kwaso motoci daga tashoshin Legas da Kwatano, sai kwantena ga motar da ake son a rufe. Bisa ma'aunin FIVA, duk Peugeot 504 da aka harhaɗa a masana'antar Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ta riga ta shiga sahun motocin tarihi, ko da har yanzu tana lodin fasinja a tasha.