Lissafin JSS1 da JSS2: me ake koyarwa, kuma ina ruwan iyaye da aikin gida?

Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare nan Tudun Wada, Zariya, kuma duk farkon zango tambayoyin iyaye kusan iri ɗaya ne, wasu a taron PTA, wasu su tare ni a bakin masallaci ko a Kwangila ina jiran keke, shi ne na ce bari in tara su wuri guda in amsa kowa ya huta.

Malam, wai mene ne wannan lissafin da ake sa haruffa a ciki? Yarona ya ce shi tunda x ya shigo ya daina ganewa.

To Alhaji, x ba aljani ba ne. Wannan lissafin share fage ne kafin aljabara sosai, wato lissafi da haruffa a madadin lambobin da ba a sani ba, a Amurka ma suna ware shi da sunansa daban wajen aji bakwai ko takwas, mu nan manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, ta cusa shi cikin lissafin JSS1 da JSS2. Kuma kalmar aljabara kanta daga Larabci ta fito, daga littafin da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Ga misali, ka aiki yaro kasuwar Sabon Gari da naira 6,500, ya sayo shinkafa mudu uku, ya biya kuɗin keke 500, bai dawo da ko sisi ba, nawa ne mudu? Kai da ka za ka cire 500 ɗin, ka raba 6,000 gida uku, ka ce dubu biyu. Abin da muke so yaro ya iya kenan, sai dai shi a rubuce: 3x + 500 = 6,500. Shi kenan fa, x ɗin kuɗin mudun ne da ba a faɗa ba tukuna.

Ban da wannan me kuma za su yi a shekarar?

Da yawa. Manyan lambobi har miliyan da biliyan, LCM (lamba mafi ƙanƙanta da lambobi biyu ko fiye za su raba ta ba saura) da HCF (lamba mafi girma da za ta raba su duka ba saura), firakshin (irin su rabi da sulusi), lambar ɗigo, kashi cikin ɗari, kwatanta abu da abu, riba da faɗuwa, kusurwoyi, faɗin fili da kewayensa, da ɗan lissafin sifili da ɗaya irin na kwamfuta. Amma in ka tambaye ni inda yara ke zubewa, wuri biyu ne, firakshin da lambar mainos.

Makon jiya na karɓi littattafai, yarinya mai ƙoƙari wlh, rubutunta tsaf, ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, wato ta tara na sama ta tara na ƙasa. Na ce mata in Mama ta ba ki rabin burodi ta ƙara miki sulusi, zai yiwu abin hannunki ya koma bai kai rabi ba? Ta yi shiru, can ta ce a'a Malam. Amsar 5/6 ce. Kuma abin da ke ba ni mamaki, mu da muke garin malamai, duk wanda ya zauna zaure ya ji rabon gado ya san in sumuni (1/8) da sudusi (1/6) suka haɗu sai a koma 24, to ai LCM ɗin 8 da 6 kenan, sunan ne kawai ya canza. Zakka ma ɗaya cikin arba'in, shi ne 2.5 cikin ɗari.

Mainos kuwa bashi ne. Mai shago na bin ka 700, ka kai masa 300, saura 400 yake bin ka, -700 + 300 = -400. Yaron da ake aika shago bai taɓa kuskuren wannan ba sai in ya gan shi a allo.

Aikin gida kullum ne? Yarana daga boko sai islamiyya, ba su dawowa sai dab da magariba, ga rashin wuta.

Na sani Hajiya, nawa ma haka suke. Ni a ajina sau uku a mako nake bayarwa, tambaya biyar zuwa takwas, abin da bai kamata ya wuce minti ashirin zuwa talatin ba, kuma na fi tura mai ɗan nauyi ranar Alhamis ko Juma'a tunda yawancin islamiyyu suna hutu a lokacin. In kika ga yaro ya share awa guda a kan tambaya ɗaya, dan Allah a rufe littafin, ya rubuta a gefe cewa nan ya tsaya, ya kawo min haka nan. Wannan ya fi min amfani nesa ba kusa ba a kan shafi cike da amsoshi daidai waɗanda ban san daga ina suka fito ba.

Amsarsa daidai ce amma ka rage masa maki, me ya sa?

Don bai nuna hanya ba. Ko a BECE, jarabawar kammala JSS3, a ɓangaren da ake rubuta aiki, matakai suna da makinsu. Kuma ta hanyar ce nake gane inda ciwon yake, misali 2 + 3 × 4, in yaro ya rubuta 20 na san daga hagu kawai ya kwaso, bai fara da sau ba, amsar 14 ce, minti biyu ya isa in gyara masa. In lamba ce tsirara ba ni da abin kamawa.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, ya zan taimaka masa? Ko in sa yayansa da ke ABU ya riƙa yi masa?

A'a, kar ya yi masa, muna ganewa tun daga layin farko, yaron JSS1 ya zo da salon ɗan jami'a kuma in ka kira shi gaban allo ya tsaya yana cizon biro. Yayan ya zauna kusa da shi ya kafa masa wata tambaya mai kama da ita, wannan ba laifi. Ke kuma Hajiya abin da za ki yi ba ya buƙatar turanci, ki ce ya bayyana miki da Hausa yadda ya yi, in ya kasa to bai gane ba. Sannan haddar biyu sau biyu har zuwa sha biyu, ki riƙa jefa masa kina tuƙa tuwo, bakwai sau takwas, tara sau shida, yawancin masu kuka da aljabara nan ne ramin nasu yake tun firamare.

Kalkuleta fa, ko waya?

Ban yarda da su a ajin nan ba, sai an shiga babbar sakandare. Ya gama da hannu, in yana so ya duba da ita bayan nan, to.

Aikin gidan yana shiga sakamako?

Yana shiga cikin makin CA, wato makin ayyukan cikin zango, tare da tes, wasu makarantu 30 suke ware wa CA wasu 40, sauran na jarabawa ne, sai ku tambayi makarantarku. Abin buƙata dai littafi guda na lissafi kaɗai wanda ba a yage masa tsakiya ba, fensir, rula, da masat (akwatin kayan awon lissafi) kafin mu shiga kusurwoyi.