Fich dek, shafukan neman jari

Fich dek wasu 'yan shafuka ne da mai sana'a ke shiryawa a kwamfuta ko waya don ya nuna ma masu kuɗi su zuba jari cikin kasuwancinshi. Yawanci shafi 10 zuwa 15 ne, ana haska su a majigi ko a tura ta imel ko WhatsApp. Ya bambanta da takardar neman bashi, don wanda ya sa kuɗi kaso yake karɓa cikin kamfanin, a ci riba da shi, a faɗi da shi.

Tarihi

Neman jari wurin mai shi tsohon abu ne a ƙasar nan. Fataken goro da ke bi ta Jega da Yawuri zuwa Gwanja, da yawansu da dukiyar maigida suke tafiya, in sun dawo a raba riba. Littattafan fiƙihun Malikiyya na kiran wannan ƙiradi, wasu su ce mudaraba: wani ya kawo kuɗi wani ya kawo guminshi, riba bisa kason da anka yarda tun farko, in hasara ta zo ba da sakaci ba mai kuɗi ke ɗaukarta. Lokacin ba shafi ba majigi, don maigida ya san ubanka ya san gidanku, kuma akwai dattijon da zai tsaya maka. Fich dek ya fito ne inda mai kuɗi bai san ka ba sam, sai lissafi ya tsaya a matsayin wancan dattijon.

Siffarshi ta yanzu daga Amurka ta zo. Ana cewa kalmar dek daga jerin katin karta ta samo asali. A 1987 Robert Gaskins da Dennis Austin sunka fitar da PowerPoint, manhajar shirya irin waɗannan shafuka a kwamfuta, a kamfanin Forethought, cikin shekarar Microsoft ta saye kamfanin kan kusan dala miliyan 14. Wajen 2005 Guy Kawasaki ya yaɗa ƙa'idar 10/20/30, wato shafi 10, minti 20, girman harafi kar ya gaza 30, kuma shekarar ce anka kafa Y Combinator inda sababbin kamfunna ke tsayawa gaban masu jari su yi bayani cikin 'yan mintuna. Fich dek na Airbnb, kamfanin hayar masauki ta intanet, wanda wasu ke cewa na 2008 ne wasu 2009, har yau shi ake koyar da sababbin masu sana'a da shi, kamfanin ya samu jarin dala 600,000 a 2009. A Najeriya Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ta Shola Akinlade da Ezra Olubi ta shiga Y Combinator a 2016, takwararta Stripe ta Amurka ta saye ta a 2020 kan abin da rahotanni sunka ce ya haura dala miliyan 200.

Abin da ke ciki

Matsala, maganinta, girman kasuwa, abokan gogayya, su wa ke aikin, cinikin da anka riga anka yi, sai nawa ake nema da abin da za a yi da su.

Shafin lissafi shi ne wurin da mutanenmu sun fi tuntuɓe, abin na da ciwo don sana'ar na da kyau, rubutu ne babu. Mai injin casar shinkafa a Argungu ya san kuɗin buhun shanshera a ka, ya san abin da dizal ke ci da ladan 'yan dako, amma mai jari so yake ya gani a rubuce wata bayan wata, da takardar banki ta kamfani da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfunna, ba asusun da ake cefanen gida daga ciki ba. Haka mai son gina rumbun ajiyar albasa a Aliero, sai ya nuna farashin kaka da na damina da buhu nawa ke ruɓewa tsakani. Kuma in ka ce kana neman naira miliyan 20 a kan kashi 10 cikin ɗari, to ka ce kamfaninka ya kai miliyan 200 ke nan, ko ka sani ko ba ka sani ba, kuma za a tambaye ka dalili.

A Kebbi da Zamfara

Tallafin da anka fi sani nan bashi ne ko kyauta, kamar shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da anka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, da dala 5,000 na gidauniyar Tony Elumelu. Masu sayen kaso sun fi yawa a Legas da Abuja.

Saɓani

Sayar da kaso ya yi kama da musharaka, wato haɗa jari a fiƙihu, a ci riba tare a yi hasara tare. Takardun da ke farawa bashi mai ruwa kafin su koma kaso, malamai na da magana kansu.